Ɗinkin Ƙafar Zabuwa

Rumfata na bayan kasuwar Ɗa'if,
inda layin masu zuma ya ƙare, na masu turaren wardi bai fara ba.
Warin jima ta hagu, ƙamshi ta dama,
ni a tsakani da basilla da zare mai kaki.

Ranar Talata, la'asar sakaliya,
Ayid ya sauko daga dutsen Shafa
da ɗamarar albarushi naɗe cikin tsohon rawani.
Ya kwance ta a gabana a hankali
kamar wanda ya kawo mara lafiya.
Fatar ta tsattsage kamar dugadugin manomi,
azurfar jikinta ta yi baƙi ƙirin.
Ya ce, "Ta ubana ce.
Daren Juma'a ɗana zai angwance,
da ita nake so ya yi tsalle."

Bindigarsu ba ta neman barewa, ba ta neman kowa.
Ta baki ake ɗura mata,
a danna da tsinken ƙarfe, ba dalma, ba harsashi.
Saurayi ya juya hancinta ƙasa, ya yi sama,
wuta ta buɗe ƙarƙashin tafinsa
ya sauko cikin hayaƙi yana dariya.
Kakana Nomau kan ce:
a gida sunanta harba-ka-ruga,
nan ƙasar kuwa harba-ka-tashi.

Na ce da Ayid ya sayi sabuwa,
ga su can rataye, 'yan kamfani, riyal tamanin.
Ya dube su, ya dube ni.
Na ji kunya, na ɗauko aska.

Da dare na farke bakin ɗinkin.
Zare ya ruɓe, yana fita kamar gashin tsoho.
Can ciki, inda ido ba ya zuwa,
inda fata ke shan gumin mai ita,
sai ga jan ƙyalle, fatar akuya,
rinin karan dafi da bai kwanta ba har yau.
A gefensa ɗinki uku sun rabu daga tushe ɗaya:
ƙafar zabuwa.

Na ajiye aska.

Hannu ɗaya na sani mai wannan sa hannun,
wanda ya bar Damagaram da jaki da gafaka,
ya yi damina bakwai a hanya,
yana ɗinka kube a Abeshe, takalmi a Suwakin,
har ya tara kuɗin jirgin ruwa.
Bai iya rubuta sunansa da tawada ba.
Ya bugi yatsuna sau nawa a kan wannan ɗinkin?
"Matse, ɗan nan. Albarushi ba ya yafe rami."

Ban san ranar da ya yi ta ba,
ban san ko an biya shi ba.
Shekara sittin tana kewaye da ƙugun wani
tana tsalle a bukukuwan da ba a gayyace mu ba.

Na jiƙa sabon kirgi da ruwan bagaruwa,
na shafe tsohuwar da man shanu har ta saki rai.
Jan ƙyallen ban taɓa shi ba.
Na mayar da shi ɗakinsa, na rufe,
kusa da tasa ƙafar na ɗinka tawa.
Tawa ta ɗan karkace. Idona ba na jiya ba ne.

Alhamis Ayid ya dawo,
ya ja, ya murɗa, ya shinshina,
ya tambayi kuɗi, na faɗa, ya yi ciniki,
na rage masa goma kamar kowa.
Ban gaya masa komai ba.

Daren Juma'a ina kan soro da shayi.
Daga wajen Shafa, sama-sama,
na ji ɗaya ta tashi, sai wata, sai shiru.
Matata ta leƙo ta ce, "Hadari ne?"
Na ce a'a.
Na ƙirga har goma sha ɗaya
kafin shayin ya huce.