Haƙoran Taya

Faci bakwai na ƙirga a tayar baya ta hagu,
na takwas Baba Mudi ya ƙi yi.
Ya shafa yawu a kan hujin, ya kalli kumfa,
ya ce, "Likita, wannan ta tashi daga taya,
kai ta gida a tankaɗe gari."

Jif ɗina ba ta ganin kwalta sai ran Juma'a.
Sauran kwanaki burji ne da tsakuwa,
hanyar rugage, inda saniya ke jiran allura,
maraƙi kuwa in ya taho
ba ya jiran a gama ɗaura safaya.
Ran Talata a gindin kuka na kwana,
ƙanƙarar akwatin magani tana narkewa
ɗis, ɗis, kamar albashina.

Sai Ƙofar Ruwa.
Na ɗauko tsohon a gaba, hannunsa baƙi ƙirin,
ya bar wa yaronsa injin iska da bahon ruwa.

Ga su nan an ɗora har rufi,
an shafe su da mai suna ƙyalli kamar goshin ango.
Sagiru ya mirgino ɗaya da ƙafa:
"'Yar Beljiyam ce, Alhaji.
Wata tsohuwa ce ta hau,
daga gida sai asibiti."
Na kusa sa hannu a aljihu.
Baba Mudi ya durƙusa, ya goge gefenta da hula,
ya nuna mini lamba huɗu a cikin ɗan zobe.
"Biyu na mako, biyu na shekara.
Taya ma tana da ranar haihuwa.
Wannan ta girmi 'yarka mai zuwa firamare."

A shago na gaba haƙora zaƙo-zaƙo,
ya sa farce, ya yi tsaki:
da wuƙa mai zafi aka sake fiƙe su,
ga waya tana leƙowa kamar furfura.

Muka wuce masu bodi, muka wuce masu ƙarfe,
rana ta take tsaka, mai sayar da zoɓo
ya gan mu sau uku har ya daina tallata mana.

Can ƙuryar layi, wajen wani Tasi'u marar surutu,
tsohon ya danna gwiwa a kwiɓin wata,
ba ta lotsa ba.
"Bar kallon fuska, dubi haƙarƙari.
Tsakuwa ba ta cizo ta gaba, a gefe take sara.
Wannan ninki goma ce."
Ya tsoma tsinken ashana a tsagin,
kan ashanar ya nutse, ya ɓace.

Da Tasi'u ya faɗi kuɗi
sai da na nemi benci.
Albarka, albarka, har aka kira la'asar.
Huɗu na ɗauka.
Ragon layya ya tafi a ciki, ƙaho da bindi,
ban san da wane baki zan gaya wa Hajara ba.

Da ya gama ɗauri, ya tofa, ya danna sifana,
ya rage iska kaɗan, ya ce haka burji ke so.
Sannan ya buga ƙafata ta dama da ƙarfe:
"Ga mai cin taya nan.
In ka ga tsakuwa, ɗaga ta."

Na miƙa ladansa, ya ƙirga, ya yi dariya.
"Ka san yau na yanke wa kaina abinci?
Kai ne koko da ƙosaina na kowane mako."

Tsofaffin huɗun ya ce a bar masa.
Bayan wata biyu na tsaya gaishe shi, ba don faci ba,
na ga takalmi sabo a ƙafar yaronsa,
baƙi, mai kauri,
da facina na biyar a dunduniya.