Tambaya Ta Huɗu

Shekara shida ina koyar da ilimin ƙasa a Samaru,
ƙasar noma nake nufi, wadda ake murzawa a tafin hannu.
Shekara shida tambaya ta huɗu tana kayar mini da yara
kamar santsin bakin rijiya.
Yadda ruwa ke hawa cikin yumɓu, shi ke nan fa.
Ɗalibi ɗari uku, hamsin ba sa hayewa.

Na ɗora wa waya laifi. Na ɗora wa sakandare.
Na ce yaran yanzu sai kunne, babu ji.
Jan biro ya ƙare, na sayi wani.

Wata Laraba, a teburin mai shayi na bakin ƙofa,
ina tsaka da wannan kukan nawa
Malama Tasalla ta aje kofinta.
Ta ce, "Sambo, kukan nan naka ya isa shiga firamare.
Ka taɓa zaunar da shi ka tambayi sunansa?
Da gona ce ta hana ka dawa,
ai ba zaginta za ka tsaya yi ba,
ɗiba za ka yi a leda, ka kai ɗakin gwaji."
Shayi ya huce a hannuna.

Na buɗe kabad ɗin da gara ta fara yi wa sallama,
na sauke takardun jarrabawa ɗauri-ɗauri.
Da can maki nake tsinta a cikinsu,
yau kuskuren na zo gaisarwa.
Na baje su a daɓe. Dare uku, da fitilar caji.
Ashe ɓata ma tana da turba:
ba a warwatse suka zube ba,
rami ɗaya ne, ƙafa bisa sawun ƙafa.

Tasalla ta ce, "Rubuta tambayarka a layi ɗaya.
In ta wuce layi, har yanzu ƙorafi ne."
Na rubuta, ta soke. Na sake, ta soke.
A karo na biyar ta ce, "Yauwa.
Je ka nemi yardarsu, ka ji ta bakinsu."

Mu goma sha uku a gindin darbejiya.
Rifkatu, 'yar Wusasa, mai zama can layin baya,
ta ciro littafin da ta gada wurin yayanta,
shi ma a wurin wani ya kwafa.
Ta ce, "Malam, ga zanen."
Kibiya tana kallon ƙasa.

Na koma ofis, na zaro tsohon littafina mai bango ruwan toka.
Kibiya tana kallon ƙasa.
Rubutuna ne. Hannuna ne.
Bakina yana cewa sama, allina yana cewa ƙasa,
su kuwa yara alli suka gaskata,
don magana iska ke kwashe ta kafin ta kai layi na ashirin.

Ranar ban iya cin tuwo ba.

Na juya kibiya. Ba zan yi maka ƙarya ba,
bana ɗari da arba'in suka haye, ba ɗari uku ba.
Sauran fa? Su ne tambayar yanzu.
Na raba ajin biyu: rabi a gaban allo,
rabi a bakin Kubanni da yankakkun gorunan roba,
wannan yashi, wannan yumɓu,
sun tsuguna suna kallon laima tana rarrafe sama,
wani yana auna ta da tsinken tsintsiya.
Wa zai fi riƙewa? Ban sani ba tukuna,
kuma rabon da rashin sani ya yi mini daɗi haka
tun ina ɗalibi mai takalmi ɗaya.

Takardar ta kai shafi tara.
Tasalla ta ce in cire kunya daga shafi na uku,
in bar kibiyar yadda na same ta.

Jiya Malam Barau na sashen lissafi
ya zauna kusa da ni, ya ja dogon tsaki,
ya ce, "Yaran nan fa..."
Na ce wa mai shayi ya ƙaro kofi ɗaya.