Ma'aunin Jatau

Da Inna Tasalla ta rasu aka raba gado.
Wani ya sami fili a Ɗorayi, wata keken ɗinki,
ni aka miƙo mini tsohuwar gafaka
da gara ta cinye mata baki.
A ciki akwai ɗan ma'auni, faranti biyu,
kowanne bai kai tafin jinjiri ba,
da duwatsun awo biyu na tagulla ƙulle a tsumma.

Na san shi tun ban gan shi ba.
Da labarinsa aka yaye mu:
wai Jatau, kakan kakan kakanmu, ko ma gaba da haka,
fatoma ne a bakin Kurmi
lokacin da sunan Mali da Sanwai
ke sa Balarabe ya sayar da gidansa ya sayi raƙumi.
Ayari ya sauko daga Agadas, leɓe duk a tsage,
da kantun gishiri, da takarda, da murjani,
wani ayarin ya hauro daga Gwanja,
goro a sama, abin da ba a faɗa a ƙasa,
garin zinariya cikin ƙaran gashin jimina,
an toshe bakinsa da kakin zuma.
A zauren Jatau suke haɗuwa.
Ya rufe ƙofa, ya ce kowa ya riƙe numfashi,
don atishawa ɗaya kan kwashe kuɗin jaki.
Inna takan ce, a nan ta ɗaga yatsa:
"Mu ba talakawan asali ba ne, rana ce ta juya."

Ranar Laraba na kai shi layin maƙeran zinariya.
Kuɗin haya ya zo wuya, ba sai na ɓoye ba.
Alhaji Barau ya gyara tabarau,
ya juya faranti, ya ƙwanƙwasa da farce,
ya ce, "Tagulla ce, ɗana, ko kuɗin adaidaita ba za ta yi ba."
Sai ya ɗora dutsen farko a sikelinsa mai batir.
Ya ɗora na biyu.
Ya sake ɗora na farko.
Ya yi wata dariya ta hanci.

"Duka biyun an sa musu shaidar miskali ɗaya.
Wannan ya fi wancan da kamar ƙwayar dawa uku.
Mai nauyin na saye ne, marar nauyin na sayarwa.
Kakanka ya san kan sana'arsa."

Na fito ta gefen Jakara, ina jin warin kwata.
Ƙwayar dawa uku.
A kan mutumin da ya yi wata biyu yana bin tauraro,
ya sha ruwan salka mai ɗanɗanon akuya,
ya binne ƙanensa a yashi bai sa alama ba.
A kan wanda ya kawo daga kudu, ƙafa duk ƙaya.
Da wancan na can ƙarshe, wanda Inna ba ta taɓa ambata ba,
wanda ya shiga rami da igiya a ƙugu,
ko matar da ta wuni a rafi tana rairaya da ƙwarya
har farcenta ya yi laushi.
Su ba su bar wa kowa gafaka ba.

Ko kuwa dai shekaru ne suka goge ɗaya dutsen?
Tagulla ma tana cinyewa.
Na gaya wa kaina haka har Ƙofar Mata,
daga nan na daina.

Yanzu yana kan taga.
Wani dare in yara sun yi barci
nakan ɗora dutse nan, dutse nan,
in riƙe zaren, in riƙe numfashi kamar baƙin Jatau,
in kalli hannu ɗaya yana sauka a hankali.
Wannan ɗan rinjayen shi ya gina soron da aka haife ni.

Jiya ƙaramar, Hajo, ta farka ta same ni.
Ta ce, "Baba, na waye?"
Na ce na kakanmu ne, fatoma ne a Kurmi,
sai na ji yatsana ya fara ɗagawa.