Silinda ta Ƙasa

Arzika ya sauke injin daga kafaɗa
kamar maraƙin da ya ƙi tafiya,
ya jingina shi da durom ɗina a bakin Jipporde.
Ya ce tun tsakiyar Lagdo yake ɗingishi,
ƙanƙara ta narke, karfasa kwando huɗu ta soma magana.

Ban taɓa murfi ba tukuna.
Na tsuguna ta wajen farfela,
inda inji ke fitar da abin da ya ci.
Baƙin abu na ɗiga, kauri kamar maɗi.
Na dangwala, na murza, na kai hanci.
Da ya yi fari-fari kamar kindirmo a toka
sai in ce ruwa ya shiga ɗaki, gasket ya ci amana.
Wannan fetur ne ɗanye da mai,
sun shiga, ba wanda ya tarbe su da wuta,
sun fito ta ƙofar baya suna kuka.

Nawa kake zubawa?
Ya ce gwangwani ɗaya a jarka,
sai ɗan ƙari don tausayi.
Tausayinka na shaƙe shi, na ce,
amma ba shi ya kwantar da shi ba.

Sifana ta kama fulogi,
buji in ji yaran Garwa.
Na sama ya fito busasshe, launin gyaɗa soyayya,
mai aiki ke nan, ya ci guminsa.
Na ƙasa ya fito jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin,
kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Ɗaki biyu, ɗaya na tuƙi,
ɗaya na zaune ana jan sa.

Na yi musu musaya, na sama ya sauka, na ƙasa ya hau.
Na ja igiya.
Ciwon bai bi fulogi ba, yana nan inda na bar shi.
Na toshe ramin da babban yatsa, Arzika ya ja,
iska ta ture ni da ƙarfinta,
to, ringi lafiya, fistan bai tsufa ba.
Na kwance kafireto na wanke shi tas,
na busa, na leƙa rana ta hancinsa,
na tace zuwa-zuwan nan da tsumma, ko ɗigon ruwa babu.
Har la'asar ta yi sakaliya
ina zagin kwayil a zuci,
ina lissafin jaka nawa zan ce masa
da kuɗin mota zuwa Garwa.

Ya ce in dai saya ne, a saya.
Na ce zauna. A kawo shayi.
Hamajoda da ya koya mini sana'ar nan
bai taɓa sayen abu da rana tsaka ba.

Da aka sallame magariba,
kwale-kwale suka zama inuwa a kan ruwa,
na ce wa yaro ya kashe cocila.
Ja, Arzika.

Ga ta nan!
Shuɗiyar wuta, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero,
tana tsalle daga cikin waya zuwa jikin ƙarfe,
tas, tas, tas,
tana zubewa a hanya, taki ɗaya kafin gida.
Na shafa wurin. Sawun haƙori ne.
Ɓera ya bi ƙarnin kifin da hannunka ya bari,
ya ci roba, ya bar maka sauran.

Waya kamu ɗaya, sefa ɗari biyar.
Ya tashi da murya biyu, ruwan durom na tafasa,
hayaƙi ya yi kauri, ya sirance, ya koma shuɗi.

Baƙin zai ɗiga kwana biyu, kada ka tsorata,
tsohon kuka ne yake ƙarasa fita.
Ka rage tausayi, ka auna da gwangwani.
Ka wanke hannu kafin ka taɓa shi.
Karfasar kuwa kai wa matan banda,
ni ban iya gyaran wannan ba.