Sidi Hamsin

Ranar da kawu ya damƙa min mabuɗan gidan burodi
a wani lungu na Aboabo, bayan masu yankan katako,
na ce a raina, wannan ai sha yanzu ne.
Mutum biyar, tanda ɗaya, buhun fulawa tara.
Kowa ciki ne ya fito da shi, in ji ni,
sai na ƙara wa kowa sidi hamsin,
na koma gefe ina jiran godiya ta zama aiki.

Mutum ɗaya ya yi murna.
Ayambila ɗan Bolga ya karɓa hannu bibbiyu,
ya motsa leɓe, ya ce, "Kwano ɗaya kenan."
Ashe ba kuɗi yake gani ba, rufi yake gani.
Ɗakin tsohuwarsa na can baki buɗe,
damina tana tafe.
Duk kwaɓin da ya naushe, ƙusa yake bugawa.

Baba Dantani ya cusa nasa a aljihu bai duba ba,
ya ci gaba da yi min shiru.
Shekara talatin yana jin tanda da bayan hannu,
ni kuma na sayo agogon auna zafi a Adum,
na rataye bisa kansa ban ce masa uffan ba.
Daren da aka ɗauke wuta, agogo ya rufe ido.
Cikin duhu na ce, "Baba, ta yi?"
Ya miƙa hannu, ya jima,
ya ce, "Saura Fatiha uku."
Tun daga nan yake riga kowa zuwa.
Tambaya ɗaya yake bi na bashi,
wata huɗu ina riƙe masa ban sani ba.

Sahura mai littafin lissafi
na kama ta laɓe gindin ma'auni,
tana rubuta yis nawa, sukari nawa, a tafin hannu.
Na tsare ta. Ko sunkuyawa ba ta yi ba.
"Nawa zan buɗe a Sawaba," ta ce,
"ko ka koya min, ko idona ya sata."
Kwana biyu maganar na maƙale min kamar ƙayar kifi.
A na uku na miƙa mata ludayi.
Yanzu ko pesuwa ɗaya ba ta ɓata a littafin,
tana tsaron gidana kamar wadda ke gwajin nata.

Kwadwo Bempa mai aboboya bai da wuya,
ni ne na ƙi ji.
A bar masa Asabar ya ɗaura baƙin zane
ya je ya raka matattun danginsu.
"Kuma maigida, in faɗa ne, yi min a ɗaki.
Ka yi min gaban mai shayi, gobe taya ta sace."
Ta kuwa sace, sau uku, kafin in gane.

Saura Mamuda mai shafa wa gwangwani mai.
Na gwada kuɗi, na gwada yabo, na gwada hutu,
duk kamar an jefa tsakuwa a rijiyar da ba ta amsawa.
Ya zo, ya yi, ya wanke hannu, ya tafi.
Sau ɗaya dai, kafin kiran assalatu,
na gan shi tsaye kan burodin farko
yana shaƙar tururi, fuskarsa a sake.
Ko wannan ne, ko ba shi ba ne, ban sani ba.
Na daina aikensa a wannan lokacin.

Jiya kawu ya leƙo da sandarsa.
Na zayyana masa duka, ina jin kaina gwani.
Ya gutsiri burodi, ya tauna a hankali,
ya ce, "To, kai fa? Me ke tashe ka ƙarfe biyun dare?"

Tanda na ta huci a bayana.
Har ya kai bakin titi ban samu amsa ba.