Takarda Ƙarƙashin Matashi

Sati uku ke nan takardar nan
tana kwana ƙarƙashin matashina.
Ta yi laushi kamar tsohuwar naira,
wurin sa hannu kaɗai ya rage fari.

A nan Katsina, a babban zauren lacca,
mu ɗari bakwai ne da 'yan kai.
In na makara sai bakin taga,
in tsinci abin da lasifika ta zubar.
Malamin haɗa magunguna
bai taɓa jin muryata ba.
Ni lamba ce, mai ƙarewa da huɗu da tara,
ita ma sai ran jarrabawa ake cigiyarta.

Ran nan na raka Barira Daura.
A Mashi direba ya ƙara danna mutum biyu gaba,
muka isa ƙafafu sun yi tsami.
Kwalejinsu duka ba ta kai ɗakunan kwananmu ba:
gini huɗu, darbejiya uku, famfon tuƙa-tuƙa,
da akuyar maigadi mai leƙa aji.
Su sha ɗaya ne.
Malama Rakiya ta tura tabarau goshi,
ta baza wata tsohuwar wasiƙar fatake da ajami,
ta ce, "Baƙuwa, ke me kika gani a nan?"
Na waiga bayana.
Ashe da ni ake.
Na yi ta magana har yawuna ya ƙafe,
na dawo gida kamar wadda aka biya tsohon bashi.

Baba na awon gero a 'Yar Kutungu.
Ya share bakin tiya da tafin hannu, bai ɗago ba:
"Tarihi da harshe? To, mi za ki ci da su?
Shekara biyu kin yi, sun ce ɗaya za su ƙirga.
Ɗayar fa, wa zai biya mani?"
Ban da amsa.
Na san karsanar da ta tafi kasuwar Charanchi
satin da aka buɗe rajista,
har yau turkenta na nan, ba a tuge ba.

Yaya Mudassir ya ce,
"Jami'a suna gare ta, suna ke buɗe ƙofa."
Barira ta ce, "Ƙaramin goro ya fi babban dutse."
Gaskiya ne, ƙawata,
amma a kan dutse ake ɗora gini,
goro kuwa a tauna ne a tofar.

Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba.
Taron nan da nake kuka da shi
mayafi ne.
Cikin ɗari bakwai, in na faɗi wa ya gani?
Cikin sha biyu babu bayan wani,
ran da ban yi karatu ba
fuskata ce za ta tsaya gaban allo.
To, son ilimi ke ja na,
ko kuwa na gaji ne da lissafin ƙwayoyi
nake wa gudu ado da sunan hijira?

Na yi istihara dare biyu.
Ban yi mafarkin komai ba,
sai na farka ina tuna wasiƙar nan,
da kalma guda da tawada ta cinye,
wadda har yanzu nake son sanin mece ce.

Alhamis ake rufe karɓa.
Yau Talata, an ɗauke wuta,
na kunna fitilar waya, na ciro ta.
Na cike sunana tun daga farko:
Sa'adiyya Lawal Ƙofar Marusa.
Na daɗe ina kallonsa, ba lamba a gefe.

Ban sa hannu ba tukuna.
Amma da asuba, ina neman biro a jaka,
na taɓa wani ƙulli a bakin ɗankwalin Inna:
kuɗin mota ne, zuwa da dawowa.
Ba ta ce je ki ba, ba ta ce zauna ba.
Tana can tana hura wuta,
ta ba ni baya.