Gaba Goma Sha Bakwai

Shekarar da fara ta cinye geron Ɓatagarawa
wani Bature ya iso a kan keken ƙarfe.
Sunansa ya ƙi zama a bakinmu, muka ce Jan-Wuya,
don rana ta gasa masa ƙeya.
An hana shi cikin ganuwar Katsina,
sai ya kafa rumfa a bakin daji, kusa da bukkokin kutare.

Ni ne Nomau ɗan Barmo, haƙar rijiya na gada.
Ya zana mini da'ira da tsinin sanda,
sule biyu kowace gaba.
Na tofa yawu a tafi, na ɗauki dagi.

Daga cikin rami na fara jin wa'azinsa,
Hausarsa tana tuntuɓe kamar jaki a kan tsakuwa.
Yana son ya ce Ɗan Allah, harshe ya ƙi lanƙwasuwa,
sai "dan Allah, dan Allah" muke ji.
Mata suka ce, wayyo, me bawan Allah yake roƙo?
Wata har ta kai masa ƙwaryar fura.
Da Istifanus Banufe, tafintansa, ya gyara maganar,
dariya ta ɗauke kamar ruwan bazara.
Malam Ɗahiru ya kakkaɓe buzunsa, ya miƙe:
"Wanda ba ya mutuwa, me zai yi da magaji?"

Gaba biyar, jar ƙasa.
Gaba tara, marmara ta karya mini dagi biyu.

Tsohuwata Tabawa ba ta je rumfar ba ko sau ɗaya.
Tana zuba gumba a gindin tsamiya,
ta ce, "Wanda ya riƙe kakanka bai tsufa ba."

Amma ƙanena Ranau, da kuturta ta ci wa yatsu,
wanda ni kaina nake miƙa wa tuwo daga nesa,
na leƙo na ga Jan-Wuya durƙushe yana wanke masa gyambo,
bai toshe hanci ba.
Na kuma tuna Malam Ɗahiru a tsakiyar yunwa
ya buɗe mana rumbunsa,
bai tambayi wa muke yanka wa zakara ba.
To wa zan ƙaryata?

A gaba goma sha biyu duniya ta koma kamar faifai.
Muryoyinsu na saukowa a cakuɗe,
ban iya raba ta malam da ta Bature ba.
Na ɗaga kai da tsakar rana, na ga tauraro guda.
Da na fito na faɗa, aka ce zafi ne ya taɓa ni.

Gaba goma sha bakwai, yashi ya yi sanyi a ƙafata.
Ruwa ya tsattsafo a hankali, kamar mai jin kunya.
Jan-Wuya ya cire hula ya rufe ido,
Malam ya shafa fatiha,
tsohuwa ta bari sai dare, ta zo da jan zakara.
Kowa ya ce nasa ne ya bayar.
Ni da na fara kurɓa, a can ƙasa, ni kaɗai,
na ji ɗanɗanon laka da ƙarfe.
Ruwan bai faɗa mini sunan kowa ba.

Zazzaɓi ya ɗauke Jan-Wuya a damina ta huɗu,
ni na haƙa masa kabari, ban karɓi ko anini ba.
Ranau ya mutu yana amsa sunan Bitrus.
Ɗana yana sahun gaba a masallaci,
'ya'yan ƙanwata suna waƙa ran Lahadi,
tsamiyar kuwa an sare ta, an yi turmi.

Yanzu idona ya yi hazo, gwiwa ta ƙi.
Da yamma nakan sa jikata ta ja ni bakin rijiyar,
in jefa tsakuwa, in kasa kunne.
Takan ce, "Kaka, me kake nema a ciki?"
In ce mata, yi shiru, ba ta kai ba tukuna.